Kwana uku bisa keke a kufan Ankor

Shekara 31 na yi ina aikin gwamnati a fannin ruwan noma, tun daga awon fili har zuwa ginin madatsa da shimfiɗa hanyoyin ruwa a filayen noman rani. Ranar da na aje aiki na ɗauka na gama da zancen ruwa, in ban da wanda zan sha. Ashe da sauran darasi guda, kuma ba a biro zan same shi ba, sai a wata ƙasa mai nisa, bisa keken haya.

Cikin watan Disamba na 2022, ɗan ƙanwata da ke fataucin tufafi tsakanin Maraɗi da ƙasashen Asiya ya ce in raka shi Bankok ta ƙasar Tailan in sha iska. Na amsa, amma da sharaɗi guda: zai bar ni in ƙetara iyaka zuwa Kambodiya in ga Ankor, tsohon birnin sarakunan Kemer. Ya dube ni ya ce: «Kawu, mutane na zuwa nan sayen kaya, kai kuwa duwatsu za ka je kallo?» Na ce masa ruwa zan je kallo. Tun ina ɗalibi wani malaminmu ya taɓa baje mana taswirar wurin, ya aza yatsa bisa wani dogon tabki mai kusurwa huɗu, miƙaƙƙe kamar da ma'auni aka ja shi, ya ce hannun mutum ne ya yi shi shekaru kusan dubu da suka wuce. Taswirar nan ba ta fita raina ba.

Na sauka a Siem Reap, garin da baƙi ke kwana, kimanin kilomita 6 kudu da kufan. Takardar shiga ta kwana uku dalar Amurka 62 na biya, wato kusan jika 38 na kuɗinmu a lokacin. Mai masaukina ya so in ɗauki abin da suke kira remork, babur mai jan akwatin fasinja, sunan da suka gada daga Faransanci, don su ma Faransa ta riƙe su daga 1863 zuwa 1953. Ya dubi furfurata ya ce keke ba nawa ba ne. Na ƙi, kuma ina da dalili. Duk wanda ya yi aikin ruwa ya san ƙafa ce ke gane gangare. Cikin mota ba ka jin inda ƙasa ta hau ko ta sauka, amma bisa keke cinyarka za ta gaya maka. Ƙasar Ankor shimfiɗaɗɗa ce ga ido, sai dai tana gangarowa sannu sannu daga tsaunin Kulen da ke arewa maso gabas zuwa babban tabkin Tonle Sap da ke kudu, kuma bisa wannan ɗan gangare aka gina daular baki ɗaya.

Ranar farko na fita da asuba. Abin da mutum ke fara cin karo da shi a Ankor Wat ruwa ne. Ramin ruwan da ya kewaye shi faɗinsa mita 190, kewayensa ya zarce kilomita 5. Sarki Suryavarman na 2 ne ya gina wurin a farkon rabin ƙarni na 12 don bautar Vishnu na addinin Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Budda, kuma su ne ba su taɓa barinsa ba har yau. Hasumiyoyinsa ne ke bisa tutar ƙasar. Baƙi sun yi cincirindo suna jiran fitowar rana don ɗaukar hoto, ni kuwa na jingina kekena na tsuguna bakin ruwan ina duban matakan dutsen da aka jera masa. Ginin nan mai nauyin gaske bisa yashi yake zaune. Yashi in ya jiƙe ya bushe, ya sake jiƙewa ya sake bushewa, motsi yake yi, kuma abin da ke bisansa sai ya tsage. Ruwan kewayen ne ke riƙe danshin ƙasa daidai rani da damina. Hatta duwatsun ginin ta ruwa aka kawo su, daga gindin tsaunin Kulen mai nisan kilomita wajen 40.

Daga nan na tuƙa arewa ƙasa da kilomita 2 na shiga ƙofar kudu ta Ankor Tom, birnin da Jayavarman na 7 ya gina bayan ya kori mayaƙan Cam ya hau gado a 1181. Ganuwarsa kilomita 3 kowane gefe. A tsakiyarsa Bayon yake, mai manyan fuskokin dutse sama da 200 da ke duban gabas da yamma, kudu da arewa. Fuskokin sun cika ido, amma abin da ya tsaida ni yana ƙasa, a bangon waje, inda masassaƙa suka zana zaman talakawa: mata na ciniki a kasuwa, maza na kallon faɗan zakaru, wata na naƙuda, wasu na dafa abinci, kifi ko'ina. Na ce a raina, ga mutanen da suka ɗauki ƙasa a ka.

Da la'asar na isa tabkin taswirar nan tawa, wanda ake kira Baray na Yamma. Gani ya kori ji. Tsawonsa kusan kilomita 8, faɗinsa ya ɗara 2, wato fili ne na hekta wajen 1.600, an yi shi cikin ƙarni na 11, kuma har gobe yana riƙe da ruwa. Da na hau bisa gaɓarsa na gane dabarar. Ƙasa suka tara suka tada ganuwa huɗu, ruwan da ke gangarowa daga arewa ya shigo ya kwanta a ciki, ta yadda za a iya sakinsa ya bi gangare da kansa. Babu inji, babu siminti. Damina a can ɗaya ce kamar tamu, daga Mayu zuwa Oktoba, sai dai ruwanta ya kusa ninka na Maraɗi sau uku, kana rani ya biyo baya ƙasa ta bushe ƙamas. Matsalarsu ke nan: wata shida ruwa ya yi yawa, wata shida ya yi kaɗan. Masana sun daɗe suna gardama ko don ban ruwan shinkafa aka yi tabkunan, ko don tare ambaliya, ko don addini. Ni da na tsaya a wurin ban ga abin da zai hana su zama duka ukun ba. Wani manzon sarkin Sin mai suna Zhou Daguan, wanda ya zauna birnin daga 1296 zuwa 1297, ya rubuta cewa ana girbi sau uku ko huɗu a shekara. Binciken da aka yi da na'urar leza daga jirgin sama a 2012 da 2015 ya ƙara tona unguwanni da hanyoyin ruwa da kurmi ya rufe, kuma an ƙiyasta mazauna yankin, lokacin da yake ganiyarsa, tsakanin mutum 700.000 da 900.000.

Rana ta biyu na nufi gabas, da niyyar kaiwa Banteay Srei mai nisan kilomita 30 da ɗoriya daga gari. Ina cikin tuƙi tsakanin gonakin shinkafa, mata na yanka da lauje, ɓauna na kwance cikin taɓo, sai na duba taswira na ga ashe a tsakiyar wani tabkin nake tafiya. Baray na Gabas ke nan, wanda sarki Yasovarman na 1 ya yi a ƙarshen ƙarni na 9, mai tsawon kilomita 7 da rabi. Ya ƙafe tun da daɗewa. Ɗakin bautar Mebon na Gabas, mai giwayen dutse a kusurwoyinsa, a da tsibiri ne da ba a zuwansa sai da kwalekwale. Ni da keke na je har gindinsa, na aje shi daidai matakan da jiragen ruwa ke tsayawa. Jiya na ga tabkin da ya rayu, yau ga ɗan uwansa da ya mutu, tsakaninsu tafiyar sa'a guda.

A ƙauyen Preah Dak da kewayensa na haɗu da wata tsohuwar sani: giginya. Ƴar uwar tamu ce ta Gaya da Dallol Mawri, tsawon nan, kan nan. Mu muruci da azara muka sani, su kuwa suna ɗaura mata tsanin gora su hau su tatsi ruwan furenta, su dafa shi cikin manyan kasake har ya daskare, ya zama wani abu mai kama da mazarƙwaila. Na tsaya gindin wata don in huta, rana ta ci gaba da dukana, na yi dariya ni kaɗai, don ko a Kambodiya inuwar giginya na nesa ka sha. Gidajen ƙauyen bisa dogayen turaku suke, mutane na yini a ƙarƙashinsu. Yara na rugowa bakin hanya suna ɗaga mini hannu suna kirana «ta», wato kaka.

Wajen tsakar rana tayar baya ta sace. Na ja keken zuwa wata rumfa inda wani saurayi ke faci. Kakansa na zaune gefe, da ƙyallen nan mai zane zane da suke kira krama a wuyansa. Na gaida shi da hannu biyu haɗe kamar yadda na ga suna yi. Da ya ji na yi wa kaina guna-guni da Faransanci, sai ya ɗago ya ce: «Mushe, daga ina?» Faransancinsa ya yi tsatsa, amma na lakwal ne na gaske. Na ce daga Nijar. Ya tambayi shekaruna, ya ga ya girme ni, ya ce to in kira shi «bong», wato yaya.

Na ce: «Bong, ina ka koyi Faransanci?» Ya ce a lakwal, kafin yaƙi, kana ya yi shekara kusan huɗu yana ɓoye shi kamar kayan sata. Ranar 17 ga Afrilu 1975 Jajayen Kemer na Pol Pot suka karɓi mulki, suka kwashe mutanen birane zuwa karkara, kuma wanda aka gane ya yi karatu ransa na cikin haɗari. Kafin a kore su a Janairun 1979, mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu sun mutu, a ƙasar da ba ta fi mutum miliyan 8 ba. Da ya ji aikin da na yi, ya yi shiru, kana ya ce: «Ni ma na yi aikin ruwa.» Shugabannin lokacin sun ɗora wa manoma tan 3 na shinkafa a kowace hekta, suna kafa hujja da girman Ankor, suka tura jama'a haƙar hanyoyin ruwa da tada madatsai da fartanya da kwando, da yunwa a ciki. Ya ce da yawa daga hanyoyin an ja su ne miƙe bisa layukan taswira, ba a duba inda ƙasa ta karkata ba, don waɗanda suka san awo an kashe su ko sun yi shiru. «Mushe, ka san ruwa ba ya hawan tudu. Mu ma mun sani. Amma wa zai faɗa?» Ya nuna mini wajen arewa da haɓarsa, ya ce ƙanensa a bakin wata hanyar ruwa ya faɗi, hanyar da ba ta taɓa kai ruwa gonar kowa ba.

Na tambaye shi yadda suke yi yanzu. Ya ce ƙaramar hanyar da ke shayar da gonakinsu, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai kowane gida ya fidda mutum guda a yashe ta. Wanda bai zo ba ya biya. Na ce mu ma muna da irinta, gayya muke ce mata. Ya maimaita kalmar sau biyu. Jikan ya gama faci, na biya, tsohon ya cusa mini ƙullin sukarin giginya cikin aljihu ya ƙi karɓar ko sisi.

Banteay Srei ƙarami ne, da jan dutse aka yi shi, sassaƙarsa kamar aikin allura. An keɓe shi a 967, kuma wani malamin fada ne ya gina shi. A 1923 André Malraux, wanda daga baya ya zama ministan al'adu na Faransa, ya ɓamɓari wasu siffofinsa, aka kama shi aka maido su. Cikin shekarun 1930 aka warware ginin dutse bayan dutse aka sake jera shi, kuma a farkon ƙarnin nan sai da aka shimfiɗa masa magudanai, don ruwan da ke kwanciya gindinsa na cinsa. Abin da baƙo ke yabawa a yau, rabinsa aikin magina ne, rabinsa aikin masu gyara. Komowa dai ban iya ba. Na aza keken cikin remork, mai masaukina ya gan ni ya kau da kai don kada in ga dariyarsa.

Rana ta uku na je neman abu guda, wata gadar dutse da ake kira Spean Thma, gabas da Ankor Tom, kan hanyar Ta Keo. Motocin baƙi na wuce ta ba su tsayawa. Gada ce mai ƙananan ƙofofin ruwa, an yi ta da duwatsun da aka kwaso daga tsofaffin gine-gine. Tana tsaye bisa busasshiyar ƙasa, gulbin da aka gina ta dominsa ya kauce mata, yana gudu a gefe, can ƙasa da gindinta da mitoci da dama. Na sauka na duba gaɓar. Na san wannan ciwo, na sha ganinsa. Ruwa mai ƙarfi ya zo ya zaizaye gindin hanyarsa, ya nutse ƙasa, duk ƙananan hanyoyin da ke ɗiba daga gare shi suka koma sama da shi suka bushe, yashin da ya kwasa kuwa ya je ya toshe na kudu.

Binciken da aka fitar a 2010, wanda ya karanta zoben cikin tsofaffin itatuwa na tsaunukan Biyetnam, ya nuna an yi fari na shekaru masu yawa a tsakiyar ƙarni na 14, aka sake wani mai tsanani a farkon na 15, kuma tsakaninsu aka yi daminu masu ambaliya. Tsarin ruwan da aka yi ƙarni biyar ana faɗaɗa shi ya kai girman da ɓarna a wuri guda ke jawo ɓarna a goma. Ba ruwa kaɗai ya tada Ankor ba. Mayaƙan Ayutthaya na ƙasar Siyam sun afka mata a 1431, kuma cinikin teku da ƙasar Sin ya ja manya zuwa kudu, wajen Phnom Penh, don fatake da sarakai inda kasuwa take can suke bi. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A bakin gadar nan na zauna na tuna da kaina. Akwai wani filin noman rani da na jagoranci aikinsa ina da ƙuruciya. Ranar buɗe shi an yi kiɗa, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, kuma hoton na rataye a ɗakina har yanzu. Bayan shekara bakwai na koma na tarar yashi ya cika babbar hanyar, ƙofofin ƙarfe sun ci tsatsa, manoman ƙarshen fili sun koma jiran damina. A rahotona na aza laifin bisa manoma. Abin da ban rubuta ba shi ne, duk shekarar da kuɗi suka gaza, layin gyara nake fara sokewa da alƙalamina, don sabon aiki ne ke kawo yabo da ƙarin girma, yasar hanya kuwa ba a kiran mai hoto. Kuma ban taɓa zama da manoman na tambaye su ta ina ruwa ke bi a ƙasarsu ba kafin in ja layi. Ban tilasta wa kowa ba, ban kashe kowa ba, amma da tsohon nan ya ce wa zai faɗa, na ji maganar ta taɓa ni ta wani gefe: ni ma na yi shekaru ina zama inda ba a faɗa mini.

Kafin in maida keken na biya ta Neak Pean, ɗan tsibirin da ke tsakiyar tabkin arewa na Jayavarman na 7. Shi ma ƙarnuka ya yi a bushe. Hukumar APSARA, wadda aka kafa a 1995 bayan UNESCO ta sa Ankor cikin kayan tarihin duniya a 1992, ta gyara tsofaffin gaɓoɓinsa ta maido masa da ruwa, yana kuma taimakawa wajen tare ambaliyar da ke damun Siem Reap. Injiniyoyin zamani ba su ƙirƙiro sabon wuri ba, layin mutanen da suka bi. Na taka gadar katako bisa ruwan, furannin bado ko'ina, masunta biyu na jefa taru daga nesa.

Da na koma Bankok ɗan ƙanwata na ɗaure dilolinsa. Ya ce: «To Kawu, me ka sayo?» Na ba shi sukarin giginya. Ya ɗanɗana ya ce wannan zai yi kasuwa. Na ce masa shi da ke gyaran rufin shagonsa kowace bazara ba tare da wani ya aiko masa takarda ba, ya riga ni sanin abin da na je koyo.

Ku da ke bisa kujerun da muka bari, in takardar kasafi ta zo gabanku, ku dubi layin gyara sau biyu kafin ku soke shi. Ni dai bazarar da ta biyo bayan tafiyar na koma filin nan nawa, ba da mota ba, ba da takarda ba. Na tarar da ƙungiyar manoma ta kira gayyar yasar hanya. Wani dattijo ya gane ni, ya ce: «Mushe, yau kai ne a nan?» Na ce ni ne. Ya miƙo mini shebur, ya nuna mini inda ruwa ke tsayawa tun shekarar farko, wurin da ba ya cikin taswirata.